Kundin Aikin Ajin Fiziks na Asabar a Aboabo, Kumasi

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Da yardar Allah yau muka buɗe ajin fiziks na ranar Asabar a ɗaya daga cikin ɗakunan makarantar Islamiyyar unguwarmu a Aboabo, bayan shugaban makarantar ya ba mu aron ɗakin daga ƙarfe tara na safe zuwa kiran sallar azahar. Ɗaliban da suka zo sun haɗa da 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare masu shirin jarrabawar BECE, da 'yan babbar sakandare masu jeka-ka-dawo waɗanda WASSCE ke gabansu. Abin da ya sa na ɗauki wannan nauyi abu ne da na daɗe ina gani a wurin yaranmu na Zango: yaro zai karanto maka dokokin Newton da Turanci babu gargada, amma da zarar ka tambaye shi dalilin da ya sa fasinja ke tafiya gaba idan direba ya taka birki, sai ya sunkuyar da kai. Da yawansu ba su taɓa riƙe abin awo da hannunsu ba, sun dai kwafi lissafi daga allo sun haddace.

Saboda haka ƙa'idar ajin ita ce awo kafin lissafi. Ba zan rubuta wata doka a allo ba sai ɗalibai sun auna abin da dokar ke magana a kai. Aikin yana da ɓangare biyu: haɗa akwatin kayan gwaji daga abubuwan da ake samu da arha a kasuwar Kejetia da Suame Magazine, unguwar makanikai, da kuma rubuta ɗan littafi da Hausa wanda zai bi motsi, da makamashi, da lantarki, da taguwa irin ta sauti da haske.

Mun fara da gudu. Muka auna mita 20 a tsakar makarantar da tef ɗin tela, kowa ya taka da tafiyarsa ta kullum, wani yana riƙe da agogon waya. Yawancinsu sun ci sakan 14 zuwa 15, wato kusan mita 1.4 a sakan ɗaya. Daga nan muka juya kilomita 50 a awa, iyakar gudun mota a cikin gari, zuwa mita, muka samu kusan mita 14 a sakan ɗaya. Na sa suka auna mita 14 a ƙasa suka tsaya a bakinsa, domin su ga tazarar da mota ke ci a cikin sakan guda da direba zai ɗauka kafin ƙafarsa ta kai kan birki.

Asabar, 18 ga Janairu

Na sauya tsari na kawo wani yanki na lantarki gaba, saboda hunturu ya kankama, iska ta bushe ƙayau, kuma wannan gwaji ba ya yiwuwa da kyau idan damina ta sauka. Kowa ya goga matajin roba a busasshen gashi ko a rigar sanyi, ya kai shi kusa da gutsattsarin takarda, suka yi tsalle suka manne. Wanda ya fi jan hankalinsu shi ne na buta: muka tsiyayo ruwa siriri, aka kawo matajin kusa, ruwan ya lanƙwasa ya bi shi ba tare da an taɓa shi ba. Bayan sun gani na bayyana musu cewa goguwar tana kwashe wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira elektiron daga abu ɗaya zuwa wani, waɗanda J. J. Thomson ya gano a Ingila a 1897, kuma abin da ya tara su da abin da ya rasa su suna jan juna. Laimar iska ce ke ba wa cajin hanyar zurarewa, shi ya sa a watan Yuni matajin ba zai riƙe shi ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na tambayi ajin wanne zai riga isa ƙasa tsakanin babban dutse da ƙarami, kusan kowa ya ce babban. Ban yi musu gardama ba, domin wannan ra'ayi ya yi shekara kusan dubu biyu yana yawo a littattafan masana tun daga Aristotle. Muka saki duwatsu biyu daga kan tebur, suka bugi ƙasa tare. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, to ai takarda ba ta yin haka." Na ce ya dunƙule takardar ya sake saki, ta faɗi kusan tare da dutsen. Sannan muka ɗora buɗaɗɗiyar takarda a bayan littafi muka sake su, takardar ta bi littafin ba ta tsaya a baya ba, saboda littafin ya kare ta daga iska. A nan suka gane da kansu cewa iska ce ke riƙe takarda. Na ba su labarin David Scott, wanda ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata a 1971, inda babu iska, suka sauka lokaci ɗaya.

Faɗuwa tana da sauri ƙwarai, ba ta aunuwa da agogon hannu, don haka muka bi hanyar Galileo, wanda ya gangarar da ƙwallo a kan karkataccen katako domin ya rage saurin abin, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaye daga wani mazubi. Mu kuma mun samu doguwar alminiyam mai kwari daga wurin masu haɗa taga, da ƙwallayen ƙarfe na cikin tsohon boris da wani bakanike a Suame ya ba mu kyauta. Muka karkata ta kaɗan, muka ɗauki bidiyo da waya, muka duba inda ƙwallon yake bayan kowane lokaci daidai da na baya. Idan ya ci santimita 10 a zangon farko, sai mu same shi kusa da 40 a na biyu, 90 a na uku, 160 a na huɗu. Wata ɗaliba ce ta fara lura cewa lambobin 1, 4, 9 da 16 ne, wato kowace lamba an ninka ta da kanta. Ban taɓa jin daɗin aji kamar lokacin da ta faɗi haka ba, domin ta isa ga sakamakon da Galileo ya wallafa a 1638 kafin in ambata shi. Sai bayan nan na rubuta cewa abin da ke faɗuwa gudunsa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a sakan, a cikin kowane sakan, ya ci mita 4.9 a sakan na farko, ya kai 19.6 a ƙarshen na biyu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Dokokin motsi uku da Isaac Newton ya wallafa a 1687 su muka shiga, kuma ta farko ce ta fi ba su wuya, ko da yake ita ce suka fi haddacewa. A ransu abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi, kuma rayuwar yau da kullum tana goyon bayansu, tunda mai baro idan ya daina turi baron tsayawa yake yi. Muka gangaro da ƙwallon ƙarfen daga tsayi ɗaya zuwa kan yashi, sannan kan tabarma, sannan kan siminti, sannan kan gilashi, kowane karo yana ƙara nisa. Na tambaye su, in da za a samu shimfiɗar da ba ta da gogayya ko kaɗan, me zai tsayar da shi? Sun daɗe suna shiru kafin wani ya ce babu. To wannan ita ce dokar: abu yana riƙe da halin da yake ciki, na tsayuwa ko na tafiya miƙe, har sai wani ƙarfi ya sauya shi. Fasinjan trotro ba wanda ya tura shi gaba, motar ce ta tsaya shi kuwa jikinsa bai tsaya ba.

Doka ta biyu ta zo da sauƙi, domin kowa ya ga yadda aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, mai ɗauke da buhunan masara ke tashi da ƙyar, wadda ba ta da kaya kuwa ta fizga nan take, alhali injin iri ɗaya ne. Ta uku mun gwada ta da balan-balan da aka liƙa wa bututun shan lemo aka zura a zare: iska ta fita baya, balan-balan ya tafi gaba. Tambayar da ta rage musu ita ce, in kowane turi yana da martani daidai da shi, me ya sa ba sa kashe juna? Amsar ita ce ƙarfin biyu ba a kan abu ɗaya suke aiki ba, ɗaya yana kan iska, ɗaya yana kan balan-balan. Zan ba wannan batu shafi guda a littafin.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau mun auna jan da ƙasa ke yi da zare da noti kawai. Muka rataye noti a zare mai tsawon mita 1, muka kaɗa shi kaɗan, muka ƙirga zuwa da dawowa 20, domin hannun mutum yana makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan wajen danna agogo, kuma idan aka raba wannan kuskure gida ashirin ba ya yin illa. Ƙungiyoyin sun samu kusan sakan 40, wato sakan 2 ga kowane lilo. Da aka rage zaren zuwa santimita 25 lokacin ya koma rabi, da aka ƙara noti na biyu kuwa bai sauya ba. Da muka ninka tsawon zaren da 39.5, muka raba da lokacin lilo ɗaya ninki kansa, sakamakon ƙungiyoyin ya faɗa tsakanin 9.5 da 10.1. Na hana su goge nasu su rubuta na littafi. Mai awo na gaskiya yana rubuta abin da ya samu ne, sannan ya nemi dalilin bambancin. A nan Kumasi, da yake muna kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, adadin yana wajen 9.78, a ƙuryar arewa da ta kudu kuwa yana kai 9.83.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, mun rage lokacin aji, muka kuma bar gwaje-gwajen da ke buƙatar zirga-zirga a rana. Wannan ya dace da darasin makamashi, wanda mafi yawansa tunani ne da lissafi. Muka fara da jarkar ruwa mai lita 20, wato kilo 20, da ake hawa da ita bene mai tsayin mita 3. Aikin da aka yi shi ne 20 sau 9.8 sau 3, wato jul 588, jul kuwa shi ne ma'aunin aiki da makamashi. Sannan muka lissafa abin da ake buƙata don tafasa lita ɗaya: kowane kilo na ruwa yana cin kusan jul 4,200 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, don haka daga digiri 28 zuwa 100 ana buƙatar jul 302,400. Ɗaliban ba su yarda ba da farko, suka sake lissafin da kansu, domin ya nuna tafasa ruwan shayin buɗa-baki ya ninka hawa bene da jarka fiye da sau 500. Wannan alaƙa tsakanin aiki da zafi ita ce James Joule ya auna a Ingila a shekarun 1840, yana juya farfela a cikin ruwa da nauyi mai saukowa yana duba ƙaruwar zafinsa.

Abin da nake so ya zauna musu shi ne makamashi ba ya ɓata, kama yake sauyawa. Muka bi sawunsa daga rana, wadda ke ɗaga tururi ya zama hadari, ruwa ya sauka ya taru a tafkin Volta a bayan madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 a zamanin Kwame Nkrumah, ya gangaro ya juya injuna shida masu ba da megawat 1,020 gaba ɗaya, har ya iso kwan fitilar ɗakinmu ya zama haske da ɗan zafi. Muka ɗauki misalin ruwa kilo 1,000 da ya faɗo mita 60, muka samu jul 588,000, wanda in babu asara zai riƙe kwan fitila mai wat 9, wato mai cin jul 9 a kowane sakan, kusan awa 18. Na ƙara musu da cewa bayan Akosombo akwai Kpong ta 1982 da Bui ta 2013, kuma yanzu babban kaso na wutar Ghana daga tashoshin da ke ƙona gas yake fitowa, irin na Aboadze da Tema.

Kafin a tashi mun koma kan batun mota. Makamashin abu mai tafiya yana bin gudu ninki kansa, saboda haka idan gudu ya ninka biyu, makamashin da birki zai cinye ya ninka huɗu, nisan da mota za ta ci bayan an taka birki ma haka. Na roƙi masu yayye da ke tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku na fasinja, ko babur su kai musu wannan lissafi gida.

Asabar, 22 ga Maris

Babu gwaji yau, bita muka yi. Kafinta ya kawo akwatin, mai ɗakuna huɗu da murfi mai kwaɗo. Na kammala rubutun sashen motsi da na makamashi da hannu, na ba ɗalibai biyu su karanta su ja layi a duk inda suka yi tuntuɓe. Za mu tsaya har bayan ƙaramar salla.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun dawo mun shiga lantarki mai kwarara. Na ba kowace ƙungiya batir ɗaya na tocila, da ƙaramin kwan fitila, da waya guda ɗaya tak, na ce su kunna. Yawancinsu sun jona wayar daga kan batir zuwa gindin kwan suka tsaya jira, domin a zatonsu wuta tana fita ne daga batir ta ƙare a cikin kwan. Sai da suka gano cewa dole hanya ta zagayo ta koma ɗaya bakin batirin kafin haske ya zo. Na kwatanta musu da ruwa a cikin bututu: bolt shi ne ƙarfin turi, amfiya yawan abin da ke wucewa a sakan ɗaya, om kuma ƙuncin hanya. Na kuma gaya musu inda kwatancin ya gaza, wato bututu in ya fashe ruwa zuba yake yi, waya kuwa in ta tsinke kwararar tsayawa take yi gaba ɗaya.

Da ma'aunin da masu gyaran rediyo ke amfani da shi, wanda na sayo a Kejetia, muka gwada dokar da Georg Ohm ya fitar a Jamus a 1827. Muka ciro wata 'yar turjiya mai om 100 daga tsohuwar rediyo. Batir ɗaya mai bolt 1.5 ya ba da kusan amfiya 0.015, biyu suka ba da 0.03, uku 0.045. Da muka sa kwan fitila a madadinta lambobin ba su tafi daidai haka ba, saboda zaren cikin kwan yana ƙara turjiya idan ya yi zafi, kuma na ga ya dace su san tun yanzu cewa dokar tana da sharaɗi. Sannan suka jera kwai biyu a hanya ɗaya, hasken ya dushe, aka cire ɗaya ɗayan ya mutu. Da aka ba kowanne hanyarsa, hasken ya dawo, kuma cire ɗaya bai shafi ɗayan ba, wanda shi ne tsarin wayoyin gida.

Na kafa doka mai tsauri: babu wanda zai gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan da wutar bango. Wutar gida a Ghana bolt 230 ce, kuma kwararar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun zuciya idan ta ratsa ƙirji, musamman in hannu yana da danshi, kamar na wanda ya gama alwala.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kowa ya zo da jerin kayan wutar gidansu da adadin wat da ke rubuce a jikinsu. Abin da mitar wuta ke cirewa a matsayin yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, wato jul miliyan 3.6. Dutsen guga mai wat 1,000 yana cinye wannan a awa guda, kwan fitila mai wat 9 kuwa sai ya yi awa 111. Wata ɗaliba ta ce mahaifiyarta kullum faɗa take a kan cajin waya, alhali butar lantarki da dutsen guga ne ke shanye kuɗin. Duk abin da aikinsa ɗumamawa ne shi ke da ci, kuma darasin ranar 8 ga Maris ya riga ya nuna musu dalili.

Mun buɗe filogi mai ƙafa uku muka ga fiyus mai amfiya 13. Idan aka ninka 230 da 13 ana samun kusan wat 3,000, wato iyakar abin da zai ɗauka ke nan. Wanda ya haɗa buta da dutsen guga da firij a siririyar waya ɗaya, ko ya ɗaure fiyus da ya ƙone da zaren jan ƙarfe, ya cire abin da aka sa don ya ƙone a madadin ɗakinsa. A gidajen haya na Zango, inda iyalai da yawa ke jan wuta daga wuri ɗaya, wannan ilimi ya fi ƙarfin batun jarrabawa.

Wani ɗalibi ya tambayi dalilin da ya sa manyan wayoyin da ke shigowa Kumasi ke ɗauke da bolt 161,000, wasu ma 330,000, in dai 230 ake buƙata. Asarar da ake yi a waya tana bin kwarara ninki kanta, don haka idan aka ɗaga bolt sau goma, kwarara ta ragu sau goma, asara kuma ta ragu sau ɗari. Taransfoma ce ke ɗagawa a tasha, wata kuma ta sauke a unguwa.

Asabar, 10 ga Mayu

Muka ɗora kamfas ɗin neman alƙibla a ƙarƙashin waya, aka jona batir, allurar ta karkace, aka juya batirin ta karkata ɗaya ɓangaren. Wannan shi ne abin da Hans Christian Oersted ya gani a Denmak a 1820. Sannan muka juya lamarin kamar yadda Michael Faraday ya yi a 1831. Mai naɗin koyil na fanka ya naɗa mana siririyar wayar jan ƙarfe ɗaruruwan zagaye a kan bututun roba, muka jona ta da ma'auni, muka zura maganaɗisu a ciki. Lambar tana motsi ne kawai lokacin da maganaɗisun ke tafiya, da ya tsaya sai ta koma sifili, ko da yana tsakiyar koyil ɗin.

Da la'asar na kai manyan ɗaliban Suame Magazine, wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota wanda ya yi shekaru a sana'ar. Ya kwance altaneta, na'urar da ke cajin batirin mota, a gabansu, ya ware ɓangaren da ke juyawa da zoben koyil da ke kewaye da shi, ya nuna musu gawayin da ya cinye. Wani ɗalibi ya ce, "Baba, ashe wannan shi ne abin da muka yi da safe." Dattijon bai san sunan Faraday ba, amma ya san cewa in bel ya saki juyi ya ragu caji ma raguwa yake yi, yaran kuwa sun san sunan ba su taɓa ganin cikin na'urar ba. Na gaya musu cewa injunan Akosombo a kan wannan ƙa'ida suke aiki, kuma juyin ne ya sa wutar gidajenmu ke kai da komowa sau 50 a sakan ɗaya. Dattijon ya ba mu matacciyar altaneta mu sa a akwati.

Asabar, 24 ga Mayu

Damina ta zauna, ta kuma kawo mana darasin taguwa har gida. Mun fara da doguwar igiya da aka ɗaura wa ƙyalle a tsakiya: aka kaɗa bakinta, tudun ya ruga zuwa ƙarshe, ƙyallen kuwa sama da ƙasa kawai ya yi bai bar wurinsa ba. Taguwa makamashi take kaiwa, ba ta ɗaukar abin da take bi ta cikinsa. Sauti ma haka yake, sai dai shi matsewa da sakewar iska ne, shi ya sa ba ya tafiya inda babu iska ko ruwa ko wani abu mai jiki.

Don auna gudun sauti muka tsaya mita 70 daga wani dogon bango, ɗalibi ɗaya yana buga katako biyu, yana daidaita kowane bugu da amsa-kuwwar na baya. Tazara 20 ta ɗauki kusan sakan 8, wato sakan 0.4 ga mita 140 na zuwa da dawowa, wanda ya ba da mita 350 a sakan. Wannan ya yi daidai da abin da ake tsammani a zafi irin namu, domin a digiri 20 gudun yana wajen 343, kuma yana ƙaruwa da zafi. Haske kuwa yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan, saboda haka idan an ga walƙiya aka ƙirga sakan uku kafin tsawa, to abin ya faru a nisan kusan kilomita ɗaya. Na ba su aikin gida su ƙirga daga cikin ɗaki, kada kowa ya fita fili ko ya fake a gindin bishiya.

Wani makaɗi a unguwa ya ara mana kalangu. Da aka matse tsirkiyarsa a hammata fatar ta ɗaure, kaɗawarta ta ƙaru, muryar ta yi sama, da aka saki ta yi ƙasa. Kunnen matashi yana jin kaɗawa daga 20 zuwa kusan 20,000 a sakan. Daga nan muka rubuta cewa gudun taguwa shi ne yawan kaɗawa sau tsawonta, muka gwada da rediyo, wadda taguwarta irin ta haske ce, kamar yadda Maxwell ya hango da lissafi kuma Heinrich Hertz ya tabbatar a 1887. Tashar FM mai kaɗawa miliyan 100 a sakan tsawon taguwarta mita 3 ne, mita 31 da dattawanmu ke kamawa a gajeren zango kuwa tsawon taguwar ne, wanda ya yi daidai da kaɗawa kusan miliyan 9.7.

Asabar, 14 ga Yuni

Bayan hutun babbar salla mun taɓa haske. Kowa ya huda gindin gwangwanin madara da ƙusa siririya, ya rufe bakinsa da farar leda mai shara-shara, ya lulluɓe kansa da zane ya fuskanci ƙofa. Hoton bishiyar tsakar makaranta ya fito a kife, saboda hasken da ya taso daga samanta miƙe yake tafiya, ya ratsa hudar ya sauka a ƙasa. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya yi nazarin irin wannan ɗaki mai duhu, ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo.

Ga inda aiki ya tsaya. Akwatin ya cika, in ban da madubai da gilashin tara haske da nake nema a wurin masu tabarau. Sassa uku na littafin sun kammala, na taguwa yana rabi. 'Yan ajin ƙarshe sun tafi jarrabawa, waɗanda suka rage kuwa gajeriyar jarrabawar da na yi musu ta nuna suna bayyana dalilin abu da kyau, amma hannunsu bai faɗa ba wajen zana giraf da juya lissafi don fitar da abin da ake nema, kuma WASSCE ba ta yafe wannan. Saboda haka daga mako mai zuwa rabin awa na farko zai tafi ga zana giraf daga lambobin da suka auna da kansu, za mu fara da na lilo da na turjiyar om 100. Malamai biyu daga Asawase sun nemi aron akwatin a watan Yuli, don haka sai na rubuta takardar bayanin kowane gwaji na liƙa a cikin murfinsa kafin ya bar hannuna.